Mun kai Baba Kurɗuba da mota mai ɗaki

Baban Amira (Beljiyam):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun da na sa hoton ginshiƙan nan masu baka ja da fari na tsohon masallacin Kurɗuba (Córdoba, a kudancin Sifaniya) wayata ba ta huta ba, don haka gara in zuba labarin a nan kowa ya ɗauki nasa.

A hutun makaranta na ƙarshen Oktoba muka yi hayar mota mai ɗaki, wadda mutanen Faransa ke ce wa kamfin-kar. Gado, murhun gas, firji, ɗan banɗaki, duk a cikinta. Mu biyar ne: ni, mai ɗakina, Abba mai shekara 13, Amira mai 7, sai mahaifina da ya zo daga Katsina aka cire masa yanar ido. Da idon ya washe na ce masa, "Baba, kafin biza ta ƙare ina kake son gani?" Na zata zai ce Paris. Sai ya ce, "Kurɗuba tana da nisa daga nan?"

Kusan kilomita 2,000 ce. Kwana uku muka yi a hanya: Bordo, kan iyaka a Irun, Burgos, Madrid, sannan babbar hanyar A-4 zuwa kudu. Da ka ratsa duwatsun da suka raba Andalus da tsakiyar Sifaniya, sai itatuwan zaitun layi-layi har iya ganinka. Baba ya ga allon hanya an rubuta Jaén, na ce masa ita ce Jayyan, garin Ibn Malik da ya rubuta Alfiyya ta nahawu. Ya gyara zama ya ce, "Garin mai Alfiyya ke nan." Daga nan bai ƙara runtsawa ba har muka isa.

Da magariba muka shiga gari, nan na yi kuskuren da nake roƙon kada kowa ya maimaita. Na bi taswirar waya, ita kuwa ba ta san motar da nake ja ta kusa mita 7 ba. Ta sa ni wani lungu, gidaje farare dama da hagu, tun ina wucewa da sauƙi har madubi ya goga bango. Gaba ba hanya, baya motoci biyu. Wani dattijo ya fito daga shagonsa, ba ya jin Faransanci, ba na jin Sifaniyanci, ya sa motocin suka ja da baya, ya tsaya yana ba ni hannu har na fita. Allah ya saka masa. Kamfanin haya ya cire kuɗin madubin daga ajiyata, kuma da gaskiyarsu. A ƙarshe a ƙetaren kogi muka kwana, a filin da irin motocin nan ke tsayawa.

Agogon Sifaniya yana gaba da rana, don haka a lokacin sai wajen 8:30 take fitowa. Muka yi asuba a cikin mota, muka sha shayi, muka taka. Daga hasumiyar Kalahora ka hau tsohuwar gadar Rumawa mai baka 16, kogin Wadil Kabir a ƙarƙashinka (su suna cewa Gwadalkibir), tsohuwar na'urar ɗiban ruwa ta katako a hagu, masallacin a gabanka kamar wani gari da ganuwarsa. Ranakun aiki da Asabar ana barin ɗaiɗaikun mutane su shiga kyauta daga 8:30 zuwa 9:30, shi muka yi sammako dominsa.

Farfajiyar cike take da itatuwan lemo. Amira ta tsinci ɗaya a ƙasa ta gatsa, ta tofar, ashe mai ɗaci ne. A wannan fili ake alwala a da. Hasumiyar kiran salla tana nan amma an lulluɓe ta a cikin hasumiyar ƙararrawa.

Ciki kuwa sai wanda ya gani. Duhu-duhu, sanyi, ginshiƙai sama da 800, kowane biyu da baka a kansu, a kan bakan wani bakan, jan bulo da farin dutse. Sarkin Andalus Abdurrahman na ɗaya ya fara ginin a 785, waɗanda suka biyo shi suka yi ta ƙari har zamanin Almansur wajen 987. Tun a mota na faɗa wa Baba cewa tun 1236 wurin coci ne, kuma ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba. Ya ce ya ji. Da muka isa gaban mihrabi, inda aka yi wa ado da ƙananan duwatsun gilashi masu ruwan zinare da shuɗi, sai ya tura hannuwansa biyu a baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, ya ɗaga kai. Da sabon idon nan ya fara bin rubutun Kufi harafi-harafi, leɓensa na motsi, har ya kai sunan halifa Alhakam. Ya fi minti ashirin a tsaye. Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar, ko a rasuwar Inna bai bari mun gani ba. Abba ya ja rigata ya ce, "Me ya sa ya riƙe hannunsa haka?" Na gane: don kada su ɗagu da kansu ne.

Taku kaɗan daga nan ka faɗa cikin babban coci, a tsakiyar masallacin, dogo, mai haske, da gumaka da kujerun katako masu sassaƙa.

Sauran yinin da sauri ya tafi. Unguwar Yahudawa da ƙaramin wurin ibadarsu na 1315, mutum-mutumin Ibn Rushd a gindin ganuwa, azahar a wani ɗan masallaci da ke lambun dandalin Kolon, abinci, sannan muka ɗauki mota zuwa kangon Madinatuz Zahra, tsohon birnin fadar halifa, kilomita 8 yamma da gari. Abin da ya hana ni barci tun da muka dawo shi ne: na kyauta wa tsohon nan, ko na kai shi inda zuciyarsa ta karye?

Hajiya Ladi (Kano):
Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka Baban Amira, Allah ya sa naka su yi maka. Ka kyauta, kada ka ƙara sa wa ranka wani abu. Hawayen dattijo ba kullum na baƙin ciki ba ne. Amma ni tambayar mata zan yi: suruki da suruka a ɗaki ɗaya mai taya, kwana da kwanaki? Yaya kuka yi da kunya?

Maman Amira (Beljiyam):
Hajiya ina wuni. Wallahi abin da ya fi damuna ke nan kafin mu tashi, har na ce su tafi su bar ni. Yadda muka yi: Baba a gadon baya, akwai labule mai kauri da ke raba shi da sauran motar. Ni da Amira a gadon da ke saman wurin direba, sai an hau tsani. Maigidan da Abba a tsakiya, inda tebur ke zama gado. Hijabina a wuya yake kwana. Da asuba Baba kan riga kowa fita da butarsa, ya daɗe a waje yana lazimi, na san don ya ba ni fili ne. Bai taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa nunawa na gane ba.

Ruwa ne abin lissafi. Tankin lita 100 ne, mutum biyar masu alwala sau biyar, ga wanke-wanke. Kwana biyu ya ƙare. Na tafi da garin semo, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji, don Baba ba ya iya kwana bai ci tuwo ba. A murhu mai kai biyu na tuƙa tuwo a bakin kogin Kurɗuba, taga a buɗe saboda ƙamshin daddawa.

Kuma mata masu zuwa ku kula da wani abincinsu, salmoreho. Tumatir ne da burodi da man zaitun da tafarnuwa aka niƙa, ana sha da sanyi, ba komai a cikinsa. Amma a kai suke barbaɗa dafaffen ƙwai da yankakken naman alade. Sai kin ce "sin hamon" tun wajen oda. Soyayyen gauta da suke zuba wa zumar rake kuwa har sau biyu muka saya.

Abu Hafsa (Kaduna):
Ɗan'uwa, ina ganin girmanka, amma gaskiya ɗaya ce. Ka ɗauki dattijo mai ilimi ka kai shi wurin da aka kafa gicciye da gumaka, wurin da ba zai iya sa goshinsa a ƙasa ba. Kuɗin hayar motar da man da kuka ƙona da sun kai shi Umra, inda salla ɗaya ta fi dubu ɗari. Andalus ta tafi. Kuka a kan kango ba ya dawo da ita. Mu nan muna da makarantun allo da ruwa ke zuba a kan almajirai.

Baban Amira (Beljiyam):
Malam Abu Hafsa na gode, ban ji haushi ba. Baba ya yi Hajji sau biyu, ya yi Umra. Shi ya zaɓi Kurɗuba da bakinsa. Hayar ta tasar mana kusan yuro 100 a rana, ban da man dizal da kuɗin hanya a Faransa. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, ban musa ba. Amma mutum biyar a otal da gidan abinci na sati biyu ya fi haka nesa.

Malam Ilu (Zariya):
Bismillah. Abu Hafsa, ka yi haƙuri in ɗan tsoma baki. Ka san abin da ya kai Alhaji can? Duk wanda ya zauna a zaure a ƙasar Hausa, da mutanen Andalus ya yi zama bai sani ba. Ishiriniyar da ake rerawa a Maulidi, mai ita Alfazazi haifaffen Kurɗuba ne, ya rasu a 1230. Alfiyya ta nahawu, Ibn Malik ɗan Jayyan. Tuhfa da alƙalanmu ke buɗewa a kotu har gobe, Ibn Asim alƙalin Garnaɗa ne, ya rasu 1426. Tafsirin Kurɗubi sunan garin ne a jikinsa. Shaɗibiyya ta ƙira'a, mai ita ɗan Shaɗiba ne. Mazhabar Malikiyya, ƙira'ar Warshu, har rubutun allonmu mai ɗigon fa a ƙasa da ɗigo ɗaya a kan ƙaf, duk ta hanyar Magrib da Andalus muka gaje su. Mutumin da ya shekara sittin yana cewa "Alƙurɗubi ya ce", in ya ce yana son ganin garin, ai zumunci ya je yi.

Maganar shiga coci kuwa malamai sun yi saɓani, wasu sun karhanta saboda gumaka, wasu sun halatta. Ba ibada ya je yi musu ba. Kuma ya mutunta dokar masu wurin, wannan shi ne halin malami.

Ni tawa tambayar daban ce. Baban Amira, kasaru kuka yi ko cikawa?

Baban Amira (Beljiyam):
Allah ya gafarta Malam, a kan wannan har gardama muka yi a hanya. Ni na ce tunda gidanmu na tare da mu, gado da tukunya da iyali, anya mu matafiya ne? Baba ya ce kasaru za mu yi. A ɗan masallacin Kolon dai liman mazauni muka bi, muka cika.

Malam Ilu (Zariya):
Alhaji ya yi daidai. A Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, an ambaci matuƙin jirgin ruwa da ke tafe da iyalinsa a cikin jirgin, aka ce yana kasaru. Motarka jirgin tudu ce. Sharaɗi shi ne tafiyar ta kai baridi huɗu, mil 48, kuma ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ba. Inda Abu Hafsa zai iya kama ka shi ne an ware mai tafiyar wasa da shagala. To tafiyar da ɗa ya yi don faranta wa mahaifinsa, da ganin abin da ya sami mutanen farko, ban sa ta a shagala ba.

Abu Hafsa (Kaduna):
Na karɓi maganar kasaru, Malam. Ta gumaka ce har yanzu ba ta kwanta mini ba. Kuma ina tambaya: da wane hakki aka hana Musulmi raka'a biyu a ginin da kakanninsa suka gina?

Malama Saratu (Wusasa):
Sannunku. Ni Kirista ce, Bahaushiya, na daɗe a zauren nan ina karatu ban cika magana ba. Baban Amira, labarin hannun Baba ya sa ni hawaye, Allah ya ƙara masa lafiya.

Malam Abu Hafsa, zafin da kake ji na gane shi, don mu ma muna da irinsa. Ayasofiya ta Istanbul an gama ta a 537, ta shekara fiye da 900 tana coci, aka mai da ita masallaci a 1453, ta zama gidan tarihi, a 2020 aka sake mai da ita masallaci. Kirista zai shiga ya ga hoton Maryamu a sama, ba zai iya durƙusawa ya yi sujada ba. Ban kawo wannan don ramuwa ba. Ina so ne in an ce "namu ne aka ƙwace", a tuna kowane ɓangare yana da ginin da yake wucewa ta gabansa da ciwo a rai. A ra'ayina da an ware ko kusurwa ɗaya a duka biyun, da ba wanda ya ragu.

Abu Hafsa (Kaduna):
Malama, na gode da ladabin magana. Ban yarda duka ɗaya ba ne, amma na ji ki.

Injiniya Bashir (Kano):
Ni ta fuskar gini zan duba, don na je wurin a 2019. Akwai abin da ba ma son faɗa. A Ishbiliya, wato Sebiya, babban masallacin rushe shi aka yi a ƙarni na 15 aka gina coci a gurbinsa, hasumiya da farfajiya kawai suka tsira. Na Kurɗuba ya kai yau ne saboda an ci gaba da amfani da shi, ana gyara rufi, ana kwashe ruwan sama, shekara kusan 800. Ko da aka zo gina cocin tsakiya a 1523, majalisar garin, Kiristoci, su suka tashi suka ce ba su yarda a taɓa ginin ba, sai da Sharl na biyar, mai mulkin Sifaniya a lokacin, ya sa baki aka yi. A watan Agustan 2025 da gobara ta kama wani ɓangare, a daren aka kashe ta.

Sannan Baban Amira, ka ce kun je Madinatuz Zahra. Wa ya rushe ta? Abdurrahman na uku ya ayyana kansa halifa a 929, ya fara gina ta wajen 936. Ba ta cika shekara 80 ba aka wawashe ta aka ƙone, a yaƙin basasar da ya ɓarke tsakanin Musulmi a 1009. Zuwa 1031 halifancin ya watse, kowane gari da sarkinsa. Daga baya mutane suka yi ta kwasar duwatsunta suna gina gidajensu.

Wannan na ƙarshen shi ke ci mini rai, don kullum ina wucewa ta gefen badala. Ganuwar da tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12, yau ana yankar ta ana sa shago, ana ɗibar ƙasarta, ana zuba shara a gindinta. Ba wani Bature da ya zo ya yi mana. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, wanda masana gini na duniya ke zuwa kallon bakunansa, yara nawa ne a Zariya aka taɓa kai su su gani?

Baban Amira (Beljiyam):
Injiniya, kamar kana wurin. Ana ajiye mota a gidan tarihin da ke ƙasa, bas ɗinsu ya hau da kai tudun. Mun isa a makare, sa'a ɗaya da 'yan mintuna muka samu. Baba ya zauna a kan wani dutse gaban manyan bakunan da suka rage, yana kallon fili har kogi. Na karanta masa abin da ke jikin allo, cewa yaƙin cikin gida ne ya ci birnin. Bai ce komai ba sai da muka sauko, a cikin bas, ya ce, "Gobarau ma da ta fi haka tsawo." Hasumiyar garinmu yake nufi. Tun yana yaro ake faɗa musu haka.

Ɗan Damagaram (Liyon):
Salamu alaikum. Injiniya, kada mu yanke ƙauna gaba ɗaya. Masallacin Agadas tun 1515 yake tsaye, na laka ne, hasumiyar mita 27, kuma mutanen gari ne ke yaɓe ta. UNESCO ta sa tsohon garin a jerinta a 2013. Inda jama'a ke salla a wuri suna jin nasu ne, ba ya faɗuwa.

Amma ni kamfin-kar ɗin ta ja hankalina. Farmin ƙaramar mota, wato lasin tuƙi, ya isa? Kuma feyaji, kuɗin hanya, fa?

Ɗan Zango (Hambug):
Ɗan Damagaram, bari in amsa maka, shekara shida ina da tawa, tsohuwa ce na saya. Lasin ƙaramar mota ya isa muddin nauyinta da kaya da mutane bai wuce kilo 3,500 ba. A nan mutanenmu ke faɗawa rami: mutum biyar, cikakken tankin ruwa, buhun shinkafa, tukwane, ka haye ba ka sani ba, in aka ɗora ka a sikeli tara ce. A Faransa kuɗin hanya aji na biyu za ka biya, in tsayinta bai kai mita 3 ba. Ka rubuta tsayi da faɗin motar a takarda ka manna a gaban sitiyari, saboda gadoji da ƙofofin fakin.

A Sifaniya akwai bambanci tsakanin fakin da yada zango. In tayoyi huɗu ne kawai a ƙasa, ba ka fito da rumfa ko kujera ko tebur ba, fakin ka yi, ko da kana barci a ciki. Da ka shimfiɗa kaya a waje ka zama mai zango, wannan sai a wurin da aka tanada. Kuma kowace ƙaramar hukuma tana iya ƙara nata sharaɗin, ka karanta allo. Manyan garuruwa yanzu suna da yankin da ba a barin tsofaffin motoci masu hayaƙi su shiga, kyamara ce ke ɗaukar lamba.

Tukunyar gas ta Jamus ba ta shiga kan ta Sifaniya, ka tafi da cikakku biyu. Akwatin banɗaki kuwa duk kwana biyu sai ka juye, a wurin da aka yi dominsa kawai, kada a kwata. Wannan aikin maigida ne, kada a bar wa madam. Tsohon gari irin Kurɗuba, Toledo ko Garnaɗa, ka ajiye mota a waje ka shiga da ƙafa. An yi lungunan ne don jaki da inuwa, kamar cikin birnin Kano. Kuma kada ka bar fasfo a mota.

Abu na ƙarshe: kada ka je a Yuli ko Agusta. A Yulin 2017 zafi ya kusa digiri 47 a Kurɗuba. Motar nan gwangwani ce.

Hajiya Ladi (Kano):
To mu da ke gida fa, sai dai mu ji a bakinku?

Ɗan Zango (Hambug):
A'a Hajiya. In kin sami bizar Shengen, wadda ba ta wuce kwana 90 cikin 180, ba ki buƙatar wannan wahalar. Jirgin ƙasa mai gudu daga Madrid bai cika awa biyu ba ya sauke ki a Kurɗuba. Motar tana da amfani ne ga mai iyali da yawa, mai son girkinsa da wurin sallarsa a tare da shi.

Maman Amira (Beljiyam):
Hajiya, ke da kike harkar fata, na tuna ki a can. Akwai shagunan dukawa a tsohon gari, suna yin fata mai zane da ruwan zinare suna kiranta gwadamesi, sunan daga Gadamas ya samo asali. Da Baba ya ji sai ya ce ai Gadamusawa har unguwa gare su a Kano. Ya ɗauki wata jaka ya shinshina, ya murza ta da yatsa, ya ce ba ta kai jar akuyar Sakkwato laushi ba. Mai shagon bai ji me ya ce ba amma ya ga hannun wanda ya san fata, ya shiga ciki ya fito masa da wata.

Hajiya Ladi (Kano):
Allah Sarki Baba! Ai gaskiya ya faɗa. Fatarmu ce ake haurawa da ita Sahara, Turawa su saya a hannun mutanen Magrib su ce fatar Maroko.

Malam Ilu (Zariya):
Har a bakinsu an bar alama. Shugaban gari suna ce masa alkalde, kalmar da muka mai da alƙali. Baban Amira, Alhaji bai ce komai a kan alƙiblar masallacin ba?

Baban Amira (Beljiyam):
Ya ce, Malam! Abba ne ya buɗe alƙibla a waya, ta nuna gabas da ɗan karkata, mihrabin kuwa ya fi fuskantar kudu. Yaron ya rikice ya ce ko duk sallarsu ba ta yi ba. Baba ya dafa kansa ya ce, "Sun yi iya saninsu, kuma wanda suke yi dominsa ya san inda suka nufa."

Malam Ilu (Zariya):
An ruwaito cewa lokacin da Alhakam zai yi ƙarinsa masana taurari sun nuna masa karkatar, malamai suka ce a bar ta inda magabata suka fuskanta, ya bar ta. Ka gaishe mini da Alhaji, ka ce almajirinsa na Zariya yana neman addu'a.

Abu Hafsa (Kaduna):
Ni ma a gaishe shi. Ina nan a kan ra'ayina game da shiga, amma ban so maganata ta zama kamar na rage wa dattijo daraja ba. In akwai mai son mu haɗa hannu a kan rufin ɗaya daga cikin makarantun allon da na ambata, ya same ni ta waya.

Injiniya Bashir (Kano):
Turo mini girman ɗakin da hoton rufin, in lissafa kwano da katako.

Maman Amira (Beljiyam):
Baban Amira bai ba ku ƙarshen yinin ba, don shi barci ya kwashe shi, ya gaji da tuƙi. Bayan isha mun koma filinmu na ƙetaren kogi. An kunna wa masallacin fitilu, ana hango shi ta tagar baya, inda gadon Baba yake. Na hau sama da Amira, na ja bargo. Can sai na ji murya ƙasa-ƙasa ta bayan labule. Ishiriniya yake yi, da irin karin da tsofaffin Katsina ke yi, a hankali don kada ya tashe mu. Ya yi harafin alif ya shiga ba. Amira ta raɗa mini, "Kaka kuka yake?" Na ce a'a, waƙa yake. Ban san inda ya tsaya ba, barci ya ɗauke ni yana yi.

Da safe da na miƙa masa shayi ya ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin sha hidima." Sannan ya tambayi maigidan ko daga nan akwai hanyar mota zuwa Marrakesh, don a can kabarin Alƙali Iyal mai Ashafa yake.

Ɗan Zango (Hambug):
Akwai. Daga Kurɗuba zuwa Aljesiras awa uku zuwa huɗu ne a irin motarmu, jirgin ruwa ya haye da ku Tanja da motar gaba ɗaya. Sai dai yawancin kamfanonin haya ba sa yarda a fita da motarsu daga Turai, kuma Baba zai buƙaci bizar Maroko daban, da ta Shengen mai shiga fiye da sau ɗaya don dawowa. In Allah ya kai mu bazara ya sake zuwa duba idon, ku ɗauki tawa. Gadon bayanta ƙasa-ƙasa ne, ba sai ya taka komai ba.